Yadda Ake Tadabburin Wuri da Lokaci a Ƙasa Mai Tsarki

Duk wanda ya taɓa taryen alhazai a Madina ya kai su masauki ya san tambayar da dattijo yake fara yi da zarar ya ajiye jaka ya nemi buta: "Ɗana, ina ne gabas?" Idan ka nuna masa mafitar rana ka ɓatar da shi, domin alƙibla yake nema, kuma a bakin Bahaushe waɗannan kalmomi biyu sun daɗe da zama ɗaya, tun da mai salla a Kano ko Sakkwato ko Damagaram gabas yake duba, ya ɗan karkata arewa. A Madina kuwa alƙibla kudu take. Na sha ganin yadda irin wannan dattijo yake yin jim idan aka shimfiɗa masa darduma ta kalli kudu, ya dubi taga, ya dubi wanda ya shimfiɗa, kafin ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Shekara sittin yana cewa yana salla gabas, sai yau ya gani da idonsa cewa wani ɗaki guda yake fuskanta a cikin wani kwari, kuma ɗakin ma ba shi ake bauta wa ba.

Wannan jim ɗin da dattijo ya yi shi ne ƙofar ilimin da nake son in bayyana yadda ake shigarsa. Alƙur'ani ya siffanta Allah da cewa shi ne masanin gaibu da bayyane, kuma malamai sun yi dogon nazari a kan yadda waɗannan duniyoyi biyu suke haɗuwa, da matsayin wuri da lokaci a tsakaninsu. Abin da na tsaya a kansa shi ne wuri da lokaci halittu ne kamar mu, kuma inda gaibu yake taɓa zahiri an kafa masa alamomi waɗanda ba a gane su da hasashe sai da nassi. Mu da Allah ya zaunar a Makka da Madina da Jidda muna ratsa waɗannan alamomi kullum a hanyar kasuwa da wurin aiki, har sabo ya rufe mana ido, yaranmu kuma suna tashi sun san hanyar Harami fiye da ma'anarsa. Hanyar da na gwada ta yi mini amfani, a kaina da kuma wajen karantar da yara, ita ce mutum ya fara da abin da zai iya aunawa da hannunsa, sannan ya karanta abin da nassi ya ce game da wannan abin da ya auna, sannan ya koyi inda ake yin shiru.

Ka fara da alƙibla

Ka sami ƙaramin littafin rubutu, duk garin da ka sauka ka rubuta inda liman ya fuskanta. A Jidda za ka ga gabas ne, a Ɗa'ifa da Riyad yamma ne, a Madina kudu ne, wanda ya zo daga Yaman kuma zai gaya maka su arewa suke duba. Bayan ka tara waɗannan, ka hau bene na sama a Masallacin Harami lokacin da ake tayar da iƙama, ka dubi sahu. Ko'ina a duniya sahu miƙaƙƙe ne kamar igiya, a nan kaɗai yake lanƙwasa ya zama zobe, mai fuskantar gabas yana kallon mai fuskantar yamma kuma dukansu sallarsu ta inganta. Sahun masallacinku na gida wani ɗan yanki ne na zobe mai faɗi ƙwarai, wanda girmansa ya sa ba a ganin lanƙwasarsa, daga nesa ta kusan kilomita 3,500.

Akwai ranaku biyu a shekara da za ka iya tabbatar da wannan da sanda kawai. A ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 12:18 na rana agogon Makka, da kuma ranar 15 ko 16 ga Yuli da misalin ƙarfe 12:27, rana takan daidaita a saman Ka'aba. Idan kana Makka, ka kafa sanda a miƙe a kan daɓe a wannan lokaci, za ka ga inuwarta ta shige ƙarƙashinta ta ɓace. Idan kana da ɗan'uwa a Najeriya ko Nijar ka kira shi tun da wuri, domin a wurinsu ƙarfe 10:18 ne ko 10:27 na safe, a Sudan kuma 11:18 ko 11:27, ka ce ya kafa tasa sandar ya ja layi a kan inuwarta. Wanda ya tsaya a ƙarshen wannan inuwa ya fuskanci sandar, alƙibla ya fuskanta ba tare da kuskure ba. Kada kowa ya kalli ƙwayar rana, inuwa ta isa. Dalilin wannan a fili yake: Makka tana tsakanin layin da ya raba duniya biyu da iyakar da rana take kaiwa a arewa, saboda haka rana takan bi ta kanta sau ɗaya tana hawa, sau ɗaya tana komowa. Kano ma tana da nata ranakun da inuwa take ɓacewa, don haka kada ka gaya wa yaro cewa wannan mu'ujiza ce da ta keɓanta da Makka. Falalar Makka ba ta buƙatar a jingina ta da abin da ba haka yake ba.

Da ka gama awo sai ka koma ga nassi. Musulmi sun yi wata 16 ko 17 bayan Hijira suna fuskantar Baitul Muƙaddas kafin a juyar da su zuwa Ka'aba, kuma Masallacin Ƙiblataini a Madina yana nan yana tunatar da wannan. A cikin Suratul Baƙara, surar da ta zo da umarnin juyawar, a nan ne Allah ya ce gabas da yamma nasa ne, kuma ya ce nagarta ba ita ce juyar da fuska gabas ko yamma ba. Sayyidina Umar ya sumbaci Hajarul Aswad yana gaya masa cewa ya san shi dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, kuma ba don ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sumbatarsa ba da bai sumbace shi ba. Darajar wuri daga zaɓin Mai wurin take fitowa. Sannan ka karanta abin da ya inganta a hadisin Mi'iraji game da Baitul Ma'amur a sama ta bakwai, wanda mala'iku 70,000 suke shiga kowace rana ba su sake komowa, kuma an ruwaito daga Sayyidina Ali da wasu magabata cewa yana daura da Ka'aba ta sama. Idan ka shiga ɗawafi da wannan a zuciyarka, cunkoson da yake matse ka yakan sauya kama, domin ka san jama'ar da kake ciki ba ita kaɗai take kewaya wani ɗaki ba.

Inuwa da mala'iku

Mataki na gaba shi ne ka ajiye agogo da wayar hannu na kwana uku ko huɗu a kan sha'anin salla, ka koyi lokaci daga inuwa kamar yadda aka koyar da shi tun asali. Mala'ika Jibrilu ya yi wa Annabi limanci a wajen Ka'aba har kwana biyu, rana ta farko a farkon kowane lokaci, ta biyu a ƙarshensa, ya ce lokaci yana tsakanin waɗannan biyu. Ka kafa sandarka da hantsi, ka riƙa sa alama a bakin inuwa. Za ta yi ta raguwa, ta tsaya, sannan ta fara ƙaruwa ta ɗaya ɓangaren, wannan shi ne zawali, azahar ta shiga. Idan ƙarin ya kai tsawon sandar, ban da ragowar inuwar da ta saura a lokacin zawali, la'asar ta shiga. Babban agogon da ke kan hasumiyar da ta kai mita 601 a gefen Harami, da jadawalin Ummul Ƙura da ake bi a duk ƙasar, lissafin wannan inuwa suke yi maka, kuma wanda bai taɓa ganin inuwar ba yakan zaci lambobin ne asali.

Abin da ya sa na nace a kan wannan shi ne hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mala'ikun dare da mala'ikun rana suna karɓa-karɓa a cikinmu, kuma suna haɗuwa a sallar asuba da sallar la'asar, sannan waɗanda suka kwana tare da mu su hau, Ubangijinsu ya tambaye su yadda suka bar bayinsa alhali shi ne mafi sani. Ka lura da kyau: daidaituwar inuwa da sanda abu ne na ƙasa da rana, wanda yaro zai iya aunawa da taku, amma a daidai wannan lokacin ne ake sauyin aiki a wata duniya da ba mu gani. Ban san wani misali da ya fi wannan kusa ga hannu ba wajen nuna yadda aka ɗaure gaibu da zahiri.

Ka yi haka kuma da dare. Ka ƙirga awoyin da ke tsakanin magariba da alfijir ka raba uku. Idan magariba ƙarfe 6:30 ce, alfijir kuma ƙarfe 5:00, dare awa goma da rabi ne, kowane kaso awa uku da rabi, sulusin ƙarshe zai fara ƙarfe 1:30. Hadisi ya tabbata cewa Ubangiji yana sauka zuwa saman duniya a wannan sulusi yana cewa wa zai roƙe shi ya ba shi, wa zai nemi gafara ya gafarta masa. A nan yaro mai kaifin hankali zai yi maka tambayar da dole ka shirya mata: idan alfijir ya keto a Makka, a Kano ana tsakiyar sulusin ƙarshe, idan ya keto a Kano wasu ƙasashe a yamma suna cikin nasu, to ashe babu lokacin da babu sulusin ƙarshe a bayan ƙasa. Kada ka tsawata masa, gaskiya ya faɗa. Ka gaya masa cewa dare da rana mu suke kewayewa, kowane bawa yana da nasa sulusin a inda yake kwance, kuma wanda ya halicci dare ba dare yake yi masa ba, ba a auna aikinsa da ma'aunin wanda zamansa a nan yake hana shi zama a can.

Mikati

A nan ne nake son mai karatu ya daɗe. Kalmar mikati daga tushen kalmar Larabci ta lokaci aka ciro ta, amma idan ka tambayi alhaji mene ne mikati zai ambata maka wuri: Zul Hulaifa, wato Abyar Ali, ga mutanen Madina, wanda ya fi kowanne nisa da sama da kilomita 400, Juhfa kusa da Rabig, Ƙarnul Manazil a hanyar Ɗa'ifa, Yalamlam ta kudu, da Zatu Irƙin ga masu zuwa ta Iraƙi. Malaman fiƙihu sun ce mikati biyu ne, na wuri da na zamani, na zamanin shi ne Shawwal da Zulƙida da Zulhijja. Alƙur'ani ya yi amfani da wannan kalma ga jinjirin wata da aka ce ma'aunan lokaci ne ga mutane da aikin Hajji, ya yi amfani da ita ga ganawar Annabi Musa da Ubangijinsa, ya kuma kira ranar rarrabewa mikati. Ma'anar da ta tattara su ita ce alƙawarin haɗuwa da aka yanke wa wuri da sa'a.

Yadda za ka ɗanɗani wannan shi ne ka je Arafa a ranar da ba ta Arafa ba. Tafiyar kusan kilomita 20 ce daga Harami. Ka je a watan Safar ko Rabi'u, bayan la'asar in zafi ya sauka. Za ka tarar da fili shiru, itatuwan darbejiya a jere, tituna babu kowa sai 'yan ziyara a gindin dutse da masu sayar da ruwa. Ka tsaya a wurin ko da awa guda, ka san cewa tsayuwarka ba ta zama komai ba a babin Hajji, ko da za ka kwana arba'in. Sannan ka tuna cewa wanda ya wuni a cikin Ka'aba kanta ranar 9 ga Zulhijja bai zo nan ba, ba shi da Hajji, duk da cewa Arafa tana wajen iyakar Harami ma. Wurin shi kaɗai bai isa ba, ranar ita kaɗai ba ta isa ba, sai sun gamu, kuma mutum yana tsaye a inda suka gamu da harami a jikinsa da niyya a zuciyarsa. A wannan gamuwa ce hadisin Nana A'isha ya ce babu ranar da Allah ya fi 'yanta bayi daga wuta kamarta, kuma yana kusantowa ya yi alfahari da su ga mala'iku.

Kafin ka bar wurin ka je Masallacin Namira ka duba allunan da aka kafa. Gaban masallacin, ta wajen alƙibla, yana cikin kwarin Urana, wanda ba ya cikin Arafa, bayansa kuma yana ciki. Rufi ɗaya ne, shimfiɗa ɗaya ce, sanyin na'ura ɗaya ne, amma wanda ya zauna a sahun gaba har lokaci ya fita bai matso ba, bai tsaya a Arafa ba. Babu wani bambanci da ido ko ma'auni zai nuna tsakanin wannan taku da wancan. Duk shekara masu yi wa alhazai hidima suna fama da jawo mutanenmu daga sahun farko, domin a gida an koya musu cewa sahun farko ya fi lada, kuma gaskiya ne a ko'ina ban da nan a wannan rana. Ka kuma lura da cewa a lissafinmu dare yana gabatar rana, shi ya sa daren Juma'a yake zuwa bayan magaribar Alhamis, amma lokacin tsayuwar Arafa yana zarcewa cikin daren da ya biyo baya har alfijir, kuma a mazhabar Malikiyya samun wani yanki na wannan daren a Arafa shi ne rukuni.

Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da kusan kwana 11, saboda haka ranar Arafa tana zagaya zafi da sanyi ta komo inda ta fara cikin kusan shekara 33. Larabawan Jahiliyya sun kasance suna jinkirta wata mai alfarma su musanya shi da wani don biyan buƙatarsu, Suratut Tauba ta kira wannan ƙari a cikin kafirci, kuma a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Annabi ya sanar cewa zamani ya juyo ya koma yadda yake ranar da Allah ya halicci sammai da ƙasa, wata goma sha biyu, huɗu daga ciki masu alfarma. Mai alƙawari ne yake sa rana, ba wanda aka gayyata ba.

Da wannan fahimta za ka karanta sauran falaloli ba tare da ruɗewa ba. Salla a Masallacin Harami ta fi salla 100,000 a waninsa, wato farilla ɗaya ta haura ta shekara 50, a Masallacin Annabi kuma ta fi 1,000. Lailatul Ƙadari ta fi wata 1,000, shekara 83 ke nan da wata huɗu. Tsakanin ɗakin Annabi da mumbarinsa dausayi ne daga dausayoyin Aljanna. Ninkin lada ne, ba ya sauke wa kowa sallar da ake binsa, kuma wanda yake zaune a unguwannin Makka irin su Misfala ko Shara Mansur yana jin kiran salla yana sha'aninsa ya kamata wannan lissafi ya hana shi barci.

Lokacin da yake miƙewa yana naɗewa

Bayan haka ka ware mako guda ka bi ayoyin da suke nuna cewa tsawon lokaci ba ɗaya ba ne a ko'ina. Suratul Hajji ta ce yini ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara 1,000 ne na abin da muke ƙirgawa, Suratul Ma'arij ta ambaci yinin da gwargwadonsa shekara 50,000 ne. Mutanen Kogo sun yi shekara 300 da ƙarin tara, suka farka suna cewa yini ɗaya suka yi ko wani yanki na yini. Mutumin da ya wuce ta rusasshiyar alƙarya a Suratul Baƙara an matar da shi shekara 100, ya ba da irin wannan amsa, kuma abin da ya fi ɗaure kai a ƙissarsa shi ne abincinsa da abin shansa ba su sauya ba alhali jakinsa ya zama ƙasusuwa, abubuwa biyu a wuri ɗaya, lokaci ya ci ɗaya ya ƙyale ɗaya. An kawo gadon sarautar Sarauniyar Saba gaban Annabi Sulaimanu kafin ƙiftawar ido. An yi tafiyar dare da Annabi daga Makka zuwa Ƙudus, tafiyar da Ƙuraishawa suke yi wa wata guda zuwa, wata guda komowa, aka hau da shi sammai, ya dawo a daren, da salla hamsin da aka mayar biyar.

Kowa yana da ɗan samfurin wannan a jikinsa, shi ne barci, wanda Suratuz Zumar ta haɗa shi da mutuwa a aya ɗaya. Kuma mu Hausawan wannan ƙasa muna da wani samfurin a tarihin gidajenmu. Kakanninmu da yawa da ƙafa suka taso, suka ratsa Chadi da Darfur, suka yi shekaru suna noma da ƙwadago a Sudan don neman guzuri, suka tsallaka teku daga Sawakin, wasu an haife su a hanya, wasu sun tsaya can har yau zuriyarsu tana Mai Wurno da Gadarif. Yau jikokinsu suna karin kumallo a Kano su yi la'asar a Jidda. A cikin addu'ar tafiya da Annabi ya koyar muna roƙon Allah ya naɗe mana nisanta, kuma Bahaushe ya san naɗe ƙasa a labaran karamomin bayin Allah.

A nan ake yawan kawo maganar masana kimiyya, kuma ya kamata a san ta daidai. Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a sakan guda, hasken rana yana ɗaukar minti takwas da sakan ashirin kafin ya iso mu, saboda haka ranar da kake auna inuwarta ta minti takwas da suka wuce ce. A 1905 da 1915 Einstein ya nuna cewa gudun agogo yana sauyawa gwargwadon saurin tafiya da ƙarfin jan nauyi, kuma an tabbatar da haka: agogunan taurarin ɗan'adam da wayarka take dogara da su wajen nuna maka hanya suna rigan na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana, dole a riƙa gyara lissafin. Amfanin wannan ga mai tadabburi shi ne ya karya masa zaton cewa lokaci abu ne guda daskararre. Iyakar amfaninsa ke nan a ganina. Ban yarda da masu cewa kimiyya ta bayyana yadda Mi'iraji ya auku ba, ko masu ciro saurin haske daga aya da lissafin da suka shirya tun kafin su buɗe Mus'hafi. Sayyidina Abubakar bai jira wani bayani ba kafin ya gaskata, kuma mu'ujizar da aka iya bayyana ta da ƙa'idar ɗabi'a ta daina zama mu'ujiza.

Inda ake tsayawa

Tsofaffin malamai sun yi muhawara mai zurfi a kan ko lokaci yana da farko. Ibn Sina da waɗanda suka bi tafarkinsa sun tafi a kan cewa duniya ba ta da mafari a zamani, Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya yi musu raddi da cewa an halicci zamani ne tare da duniya, kuma neman wani "kafin" a gaban halitta aikin wahami ne, kamar yadda wahami yake neman wani fili a bayan ƙarshen dukan wurare. Hadisin Imrana ɗan Husaini ya ce Allah ya kasance babu wani abu waninsa. Hadisi ƙudusi kuma ya hana zagin zamani, domin al'amari a hannun Allah yake, shi yake jujjuya dare da rana, kuma wannan ya kamata ya gyara mana harshe a lokacin da muke cewa zamani ya lalace ko rana ta ɓaci.

Idan tunani ya kai ka ga tambayar yaya game da zatin Allah, ka riƙe amsar Imam Malik, wanda aka tambaye shi a Madina yadda daidaituwa a kan Al'arshi take, ya ce daidaituwar sananniya ce, yanayinta ba a san shi ba, imani da ita wajibi ne, tambaya a kanta bidi'a ce. Na ga zumunci ya yanke tsakanin 'yan'uwa a majalisun bayan isha'i saboda kowa yana son ya ƙara wani abu a kan wannan amsa, kuma ban ga wanda ya fita da ƙarin tsoron Allah ba.

Ta ɗaya gefen kuma ka tsare kanka daga masu sayar da gaibu. Wanda ya ce zai duba maka sa'ar tafiya ko ta aure da tauraro ko bugun ƙasa, da wanda yake ƙulla ƙasar wani wuri a leda yana cewa magani ce, sun ƙirƙiri mikatin da ba a saukar ba. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, Annabi da kansa, yana cikin baƙin cikin ɗansa, ya tashi ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarci a yi salla. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne ka tambayi duk wanda ya ba wani wuri ko wata sa'a falala ya kawo maka ayar ko hadisin.

Abu na ƙarshe da nake sa ɗalibi ya yi shi ne ya bi jana'iza. A Harami da wuya a idar da farilla ba a yi shelar salla ga mamata ba. Kada ka tashi, ka tsaya ka sallace su, kuma wata rana ka bi makara har maƙabarta, ko Ma'alla ko Shara'i'u a Makka, ko Baƙi'a a Madina. Suratul Muminun ta ce a bayansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su, kuma barzahu shamaki ne tsakanin abubuwa biyu. Ramin da kake kallo kamu kaɗan ne, amma hadisi ya ce ana yalwata shi ga mumini iyakar ganinsa, Alƙur'ani kuma ya ce ranar tashi mutane za su ga kamar ba su zauna ba sai wani yammaci ko hantsinsa. Ka yi musu sallama yadda aka koyar, da lafazin wanda yake magana da mutanen da ke gabansa, ka ce in Allah ya so muna nan tafe. Sannan ka matsa kusa ka ga yadda ake kwantar da mamaci a kan gefensa na dama, a juyar da fuskarsa. Mutanenmu da yawa suna kwance a Baƙi'a, waɗanda suka zo da ƙafa da waɗanda suka zo a jirgi, kuma dukansu kudu aka fuskantar da su.